Wata Uku Ba Fashin Salla

Shekara ashirin da biyu Safiyatu da Munzali suna tare, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa al'adarta ta zo ba. Tarbiyyar gidan da ta fito ke nan. A Malumfashi, a gidan mahaifiyarta Inna Kaltume, ko mata ne zalla a tsakar gida sai an rage murya kafin a ce wance tana fashin salla, bare kuma a gaban namiji. To amma miji dole ya sani, musamman mijin da yake jiran haihuwa. Don haka, ba tare da sun taɓa zama sun shawarta ba, suka samo hanyarsu. Idan ya dawo daga masallaci bayan Magariba ya tarar da ita zaune a kan darduma da hijabi tana jan carbi, akwai sauran sa rai. Idan kuwa ya ga dardumar a ninke an rataye ta a bayan kujera, shi ke nan, wannan watan ma ya tafi.

A ranar da ya ga haka ba ya cewa uffan, ko takalmi ba ya cirewa. Sai ya juya ya fita, ya dawo da ƙunshin abu mai zafi ya ajiye a gabanta. Can a Malumfashi, lokacin suna ɗaki guda na haya a bayan tasha, tsire ne na wani tsoho mai yawan ƙuli, a naɗe cikin takardar buhun siminti. Da aikin jinya ya kawo ta Riyadh, ɗakin haihuwa na wani asibiti, shi kuma ya biyo ta ya samu kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, sai tsiren ya koma mutabbaƙ, wata soyayyiyar fulawa mai ƙwai da nama da wani Bayamane yake yi a ƙarshen layinsu a unguwar Suwaidi. Su zauna a ƙasa su ci, shi yana ta zuba mata labarin wurin aiki, rabi gaskiya rabi ƙari, har sai ta yi dariya. Ta san jaje yake yi mata, shi ma ya san ta sani.

Likitoci kam sun gan su. Na Kano, na Zariya, na Riyadh, kowa ya duba ya ce bai ga wata matsala ba, a dai ci gaba da haƙuri. Dangi suka yi maganganunsu har bakinsu ya gaji. Larabawan wurin aikinsa, da suka rasa sunan ɗan da za su kira shi da shi, sai suka ɗauki sunan mahaifinsa suka liƙa masa, ya zama Abu Dawuda. Yana amsawa da fara'a. Safiyatu ce dai ba ta son jin sunan idan sun bugo waya.

Sai ga shi a bana, da sanyi ya fara shigowa gari, wata ya cika dardumar ba ta hau kujera ba. Sati ya ƙaru, aka shiga na biyu. Safiyatu shekararta arba'in da bakwai, kuma ma'aikaciyar jinya ce, ba yarinya ba ce da za a ruɗa, amma duk da haka sai da ta kulle kanta a banɗakin ma'aikata da tsinken gwajin ciki. Layi ɗaya ya fito, alamar babu. Bayan kwana biyar ta sake, layi ɗaya. Ta sa aka ɗebi jininta, ta kai sakamakon wajen likitar ɓangarensu, wata Bamisriya mai kirki amma mai gaggawa, wadda ta duba takardar tana tafiya.

"Ba ciki ba ne, Sista. Lokaci ne ya zo. Mai yiwuwa ki ƙara ganinsa sau ɗaya ko biyu, mai yiwuwa kuma shi ke nan. Khalas, an gama, kin huta."

Ta huta! Safiyatu ta ninke takardar ta sa a aljihu, ta koma ɗakin haihuwa ta karɓi 'yan biyu a hannun wata yarinya 'yar shekara goma sha tara.

Da a ce ita kaɗai abin ya shafa, da ta yi kukanta ta share hawaye. Matsalar ita ce Munzali ma yana ƙirge. Kullum ya dawo daga Magariba, kafin ya yi sallama idonsa ya riga ya leƙa kujerar, kullum kuma ya same ta a kan darduma. Da aka haura kwana arba'in sai mutumin ya canza. Ya ƙwace jarkar ruwa daga hannunta a kan matakala, har da faɗa. Idan zai kai ta aiki da safe, duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai ya hau shi a hankali kamar ya ɗauko kwandon ƙwai, na baya suna ta danna masa hon. Ya daina kunna turaren wutarsa a falo. Ya fara shigowa da rumman da ayaba leda-leda, ya ce azumin Litinin da Alhamis ta ɗan dakata da shi tukuna. Wata rana ma ta jiyo shi yana waƙa a banɗaki, dattijo da furfura a gemu, da wata muryarsa mai kama da tsohon injin niƙa.

Bai tambaye ta ba, kuma ta san ba zai tambaya ba. A inda suka fito ba a ambaton ƙaramin ciki, ana barinsa ne har ya fito da kansa ya yi magana. Shi a ganinsa kunya take ji, yana kuma girmama kunyar. Ita kuwa kullum da yamma sai ta shirya maganar a cikin zuciyarta, ta jera ta tsaf, yana shigowa da wannan fuskar tasa mai haske sai komai ya watse. Abin mamaki, a wurin aiki tana iya tsayawa a gaban miji ta faɗa masa da Larabci ko Turanci cewa jaririnsa bai zo da rai ba. Amma da Hausa, a gaban Malam mijinta, ta rasa kalma ɗaya da za ta fara da ita.

Abin da take so kawai shi ne jinin ya zo, ko da sau ɗaya ne. Ta ninke darduma, ya gani, ya fita ya sayo mutabbaƙ, su ci baƙin cikin da suka saba ci. Wannan sun iya ɗaukarsa. Cewa an rufe ƙofar gaba ɗaya, shi ne ba ta san yadda ake faɗa ba.

A ɗakin shan shayi na ma'aikata ta faɗa wa Sista Lan. Lan 'yar ƙasar Sin ce, Musulma, a ɓangaren gashin ƙashi take, inda take tsira wa tsofaffin Larabawa siraran allurai a baya suna ta salati. Ta girmi Safiyatu, ba ta da yawan magana, shi ya sa ma aka faɗa mata. Da gurguwar Turanci da guntayen Larabci suke fahimtar juna.

Lan ta kama wuyan hannunta ta ɗora yatsu uku, ta yi shiru kamar mai sauraren rediyon da ba ya kamawa sosai. Ta sa ta fito da harshe ta duba. Sannan ta ce, "Kin yi gwaji? Ki faɗa mini gaskiya. Abin da zan ba ki, mai ciki ba ta shansa."

"Sau biyu. Har da na jini."

"To. Zan kawo miki gobe. Amma ki ji, Safiya. A wajenmu ana cewa maganin yana motsa jinin da ya tsaya ne. Idan akwai, zai iya saukowa. Idan babu, ba zai ƙirƙiro shi ba. Ni kaina na sha lokacin da nawa ya fara tafiya."

"Ya dawo?"

Lan ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da juya shayinta.

Washegari ta kawo mata ƙullin takarda guda goma a cikin wani kwali mai jan rubutun Sinanci, ƙulli ɗaya kowace rana. Safiyatu ta bari sai da ta taso daga aiki, Munzali bai dawo ba, ta buɗe na farko a kicin. Akwai wata saiwa da aka yanka fale-fale mai ƙarfin ƙamshi, da wasu jajayen zarurruka na busasshen fure, waɗannan ba ta san su ba. Sai busasshiyar citta. Sai wasu jajayen 'ya'yan itace masu yamushin fata, Lan ta ce dabinon ƙasarsu ne. Safiyatu ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta tsaya cak. Dabinon ina? Magarya ce! Magarya ce sak, ta dai ci abinci ta yi ƙiba. A ƙasan ƙullin kuma ga wani dunƙule mai ruwan ƙasa, ta lasa, mazarƙwaila.

Ta zauna a kan kujerar kicin tana dariya ita kaɗai. A ce mutum ya baro Malumfashi ya zo Riyadh, ya roƙi magani daga ƙasar Sin, a miƙo masa citta da magarya da mazarƙwaila.

Da tukunyar ta fara tafasa, dariyar ta tafi. Ƙamshin ya mayar da ita wata safiya tana 'yar shekara goma sha huɗu, a bayan ɗakin Inna Kaltume, gindin magaryar da suke jifa da kara ita da ƙannenta, tana tsugune tana kuka don ta tabbata wata muguwar cuta ce ta kama ta. Inna ta zo ta same ta, ta dube ta sama da ƙasa, ba ta yi tambaya ba. Ta hura wuta, ta daka citta, ta gutsuro mazarƙwailar da take ɓoyewa a cikin kwalla don baƙi, ta dafa ta miƙo mata a ƙaramin kwanon sha mai zanen fure. "Shanye da zafinsa. Yau ba salla, ki naɗe tabarmarki. Kuma ba a faɗa wa kowa." Iyakar huɗubar ke nan. Amma ranar Inna ba ta sa ta surfe ba, har ta bar ta ta kwanta a gadonta na ƙarfe, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba. Safiyatu ta tuna yadda take jin kanta a kan gadon nan, tsoro da alfahari a haɗe, tana lissafin 'ya'yan da za ta haifa tana raɗa musu suna. Bakwai ta tsara.

Inna ta rasu shekara shida da suka wuce, kafin takardar izinin fitar Safiyatu ta fito an riga an yi sadakar uku. Da tana raye, da waya ɗaya ta isa. Inna ce za ta kira Munzali ta faɗa masa a cikin zance, ta hanyar da manya suka iya, ba wanda zai ji kunyar wani. Safiyatu ta tace maganin a kofi ta sha da zafinsa, tana kewar uwarta kamar jiya aka binne ta.

Munzali da ya dawo ya ji ƙamshin ya cika gidan, ya tambaya, ta ce wani shayi ne wata abokiyar aiki ta ba ta. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Kwaɗayin masu ciki ya ɗauka. Washegari sai ga shi da citta rabin kilo.

A rana ta shida mararta ta fara murɗawa, bayanta ya riƙe, irin yadda yake yi mata a da. Ranar ta shiga banɗaki ya fi sau goma. A rayuwarta ba ta taɓa zaton za ta roƙi Allah ya kawo abin da ta shekara ashirin da biyu tana roƙon kada ya zo ba. Ba ta ga komai ba. Rana ta bakwai ciwon ya lafa.

A rana ta takwas shaiɗan ya kawo mata shawara. Ta yi Magaribarta da wuri a uwar ɗaka, ta cire hijabi, ta ninke dardumar ta rataye a bayan kujera. Ai ba ta bar salla ba, ba ta kuma furta ƙarya ba. Ta tsaya tana kallon dardumar. Sai ta tuna wata uku ake nema, a lissafinsa wannan ba jinkiri ba ne, ɓari ne, zai yi makokin ɗan da ba a taɓa yi ba, wata mai zuwa kuma ta sake ninkewa, da na bayansa, har yaushe? Tana jin tafiyarsa a matakala ta fizge dardumar ta shimfiɗa ta zauna a kai, ko hijabin ba ta gama sawa ba. Ya shigo ya leƙa, fuskarsa ta washe, ta ji kamar ta mari kanta.

Ranar Alhamis ƙulli na goma ya rage. Ta ɗora tukunyar bayan La'asar ta shiga wanka, ba ta san kamfaninsu sun tashi da wuri ba. Da ta fito ta ji motsi a kicin. Munzali ne tsaye a gaban wurin wanke-wanke da kayan aikinsa a jiki, tukunyar a kife, tururi yana tashi daga magudanar. A ɗaya hannun yana riƙe da kwalin mai jan rubutu, wayarsa a kai. So ya yi ya san sunan shayin ya sayo mata wani tunda ya ga ya ƙare, sai ya haska rubutun da waya ta fassara masa.

"Safiya." Ya ɗaga mata kwalin. "An ce yana saukar da jini. An ce mai juna biyu kada ta sha. Kin san haka?"

Ta ja ta tsaya a bakin ƙofar kicin.

"Ke ma'aikaciyar asibiti ce, ba za a ce ba ki sani ba. Kwana nawa kina sha? Ni da hannuna na ƙaro miki citta!" Ya ajiye kwalin, ya dafa bango. "Tsoro kike ji saboda shekaru? Ai da sai ki faɗa mini, mu je wajen likita. Me na yi miki, Safiya? Abin da muka yi shekara ashirin muna..."

Bai taɓa yi mata irin wannan kallon ba, kuma shi ne ya buɗe mata baki. Gara ya ji komai da ya ɗauke ta mai wannan aikin.

"Malam, babu komai a cikin nan." Ta ɗora hannu a mararta. "Ba a taɓa samu ba. Na yi gwaji tun watan jiya, har na jini. Ba ɓatan wata na yi ba, al'adar ce ta ɗauke. Girma ne ya zo. Likita ta ce da wuya ta dawo. Na sha wannan ne ko za ta zo sau ɗaya, ka gani da idonka, don na kasa faɗa maka."

Shi ke nan, ta faɗa. Ashe maganar ba ta fi haka tsawo ba.

Munzali ya jawo kujerar kicin ya zauna a hankali. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta. Daga waje ana jin mai gas yana buga tukwanensa, wata mota tana neman wurin tsayawa. Sannan ya ɗago.

"Ke nan ba za ta ƙara zuwa ba."

"Da wuya."

"Tun watan jiya kika sani, kina ɗauke da shi ke kaɗai, ni kuma ina ta yi miki waƙa a banɗaki."

"Waƙar ce ma ta fi komai wahala," ta ce, hawaye suna zuba, dariya tana neman ƙwace mata.

Shi ma ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ya share fuska da hular. "Shekara ashirin da biyu, duk sujadar da na yi sai na ce Allah kada ya kawo ta wannan watan. Ashe an amsa. Ban dai iya roƙon ba ne."

"Ka yafe mini, Malam."

"Me kika yi? Zo ki zauna, kin tsaya da jiƙaƙƙen kai a cikin sanyin nan."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya ɗora hannu a kanta ya bar shi a nan, hannun yana warin man inji. Suna nan a haka har ladan ya fara gyaran murya a lasifikar masallacin layinsu. Ya tashi ya yi alwala, ya sa hula, ya kai bakin ƙofa, sannan ya tsaya ya ba ta baya.

"Safiya, ranar Asabar ki bi bas ɗin asibiti."

"Motar ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau." Ya daɗe yana neman takalminsa, alhali yana gabansa. "Akwai wasu kayan jarirai a but, na yi sati biyu ina tarawa. Ki bari in mayar musu tukuna. Ba na so ki gan su."